Tambaya: hayaƙin katakon nan mai kore-kore guba ne?

Baban Khairat:
Salamu alaikum jama'a. Nan Mabera nike, wata maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai ta samo guntayen tsohuwar falwayar lantarki da wasu katakai masu kore-kore tana hura wuta da su kullum da asuba, hayaƙin kuma ta tagar ɗakin yara yake shiga. Ƙanena da ke jami'a ya ce wai akwai guba ciki sunanta asenik. Gaskiya ne ko dai iyayin 'yan boko ne? Ga ƙurar hunturu ga wanga, tarin yaran ya ƙi ƙarewa.

Malam Bello:
Wa alaikumus salam. Ƙanenka bai yi ƙarya ba. Koren nan yawanci maganin gara ne aka ɗura ma katakon, CCA ake ce mai, haɗin kuromiyam da jan ƙarfe da asenik. In yana tsaye da sauƙi, amma da an sa mai wuta wani asenik ɗin ya bi hayaƙi wani ya zauna cikin toka, kuma tokar nan hatsari ce sosai, kada yaro ko akuya su kusance ta. Hukumar binciken cutar kansa (ciwon daji) da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, rukuni na 1 ta sa asenik, wato tabbas yana kawo kansa, ta huhu ga wanda ya daɗe yana shaƙa. Turai nanogiram 6 kacal na asenik (nanogiram shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na giram) sunka ƙayyade cikin kubik mita ɗaya na iska, Amurka kuma tun ƙarshen 2003 sunka daina sarrafa irin katakon don aikin gida. Can yawanci daga wurin narka jan ƙarfe da ƙona kwal asenik yake fita, kai kuwa naka ga shi nan bakin taga. Tarin dai hayaƙi da ƙura kaɗai sun isa su kawo shi, ka kai su asibiti ka faɗa ma likita abin da ake ƙonawa, da fitsari ake gwada asenik a jiki.

Ɗan Gawon Nama:
Haba Malam, tun kakanni da icce munka tashi ana girki ba mu mutu ba. Komi sai a ce kansa

Malam Bello:
Ɗan uwa ai ba iccen daji nike magana ba, kakanka bai taɓa hura wuta da falwaya ba.

Maman Ummi:
Ko asenik ɗin ne ya kashe yara Zamfara a 2010 wajen su Bagega? Wallahi har yau in na tuna jikina sanyi yake

Malam Bello:
A'a Hajiya, wancan dalma ce daga dutsen zinare da ake dakawa cikin gidaje. Amma dutsen zinare kan zo da asenik shi ma.

Baban Khairat:
Na gode Malam. Matar nan marayu take riƙo, ban son ta ga kamar sana'arta nika so in kashe, kuma ita ce ma ke zaune kan hayaƙin. Gobe uwargida za ta leƙa ta, zan haɗa ta da icce na kwana biyu. Tokar da ta riga ta tara bayan katanga fa, ina za mu kai ta?