Tayin bogi a gwanjon intanet: ta yaya ake gane shi?

Ɗan Kandara, Jidda: Salamu alaikum. Ina taya wata Hilux ƙirar 2016 a gwanjon intanet. Duk lokacin da na ƙara riyal 500, kafin in ajiye waya wani ya ɗora 200 a kai. Mai saye ne, ko yaron mai motar?

Baban Sadiya, Makka: Ɗan'uwa, buɗe asusunsa na shafin gwanjon ka duba. In sabo ne fil, bai taɓa sayen komai ba, kuma kayan mutum guda kaɗai yake tayawa, to akwai lauje cikin naɗi. Babbar alamar tana zuwa bayan an rufe: ya ci gwanjo ya ɓace, sai mai motar ya kira ka wai wancan ya fasa, ka ɗauka a tayinka na ƙarshe. Sun riga sun auna aljihunka ke nan.

Malam na Madina: Wannan shi ne najashi, ƙara tayi ba da niyyar saye ba. Annabi (SAW) ya hana, hadisin Ibn Umar ne a Buhari da Muslim.

Hajiya 'yar Misfala: Yarona, yanke kuɗinka tun farko ka tsaya a nan. Saurin ɗora tayi kaɗai ba hujja ba ne, wasu shafukan na'ura ce ke ƙara wa mutum. Kuma kada ka tura ko riyal ɗaya sai bakanike ya duba motar.