Neman shawara: an sa wa Baba sitent, yanzu gwajin CRP ya nuna 12

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifinmu ne, shekararsa 63. Wata huɗu da suka wuce ya samu bugun zuciya, aka sa masa sitent (ɗan bututun ragar ƙarfe mai riƙe jijiya a buɗe) a jijiyar zuciya ɗaya. Kullum yana shan aspirin 75 da clopidogrel 75 na hana jini daskarewa, da atorvastatin 40 na rage kitsen jini. Satin nan muka karɓo sakamakon gwaji: LDL (mugun kitsen jini) 82 mg/dL, hs-CRP (gwajin alamar kumburi a jini) 12 mg/L. Ya yi zazzabin cizon sauro kamar kwana goma kafin a ɗebi jinin. Wani maƙwabci ya ce kumburi ne a jijiyar zuciya, mu saya masa diclofenac ko colchicine. Ganin likitansa kuma sai nan da wata guda. Shin jijiyar ce ke sake toshewa? Me ya kamata mu yi?

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Wannan 12 ɗin kada ka gina komai a kanta tukuna. Hanta ce ke yin CRP, kuma duk inda aka samu kumburi a jiki takan ƙara yawansa: zazzabin cizon sauro, taifot, ciwon haƙori ko dasashi, ciwon mafitsara, tarin fuka, ciwon gaɓoɓi. Gwajin ba ya faɗin daga ina abin ya taso. Ƙa'idar da ake bi wajen auna haɗarin zuciya ita ce: ƙasa da 1 haɗari kaɗan, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 mai yawa. Idan ya haura 10, ba a fassara shi da zuciya, sai a nemi wata cutar, a jira, a sake. Ku bari ya yi sati biyu zuwa uku garau babu zazzaɓi, sannan a sake a ɗakin gwajin da aka yi na farko. Ba sai ya tafi da yunwa ba. Ka kuma duba takardar da kyau, wasu wuraren da mg/dL suke rubutawa, wanda sai an ninka sau goma ya zama mg/L. Sannan ka tabbata hs-CRP aka yi, don CRP na gama-gari ba ya iya rarrabe ƙananan lambobi irin 1 da 2.

Likitan zuciya:
Abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Ni kuma lambar da ta fi tsaya mini a takardar nan 82 ce, ba 12 ba.

Ga yadda abin yake faruwa. LDL yakan kutsa cikin bangon jijiya ya maƙale. Fararen ƙwayoyin jini su bi shi su haɗiye, su cika da maiƙo, su mutu a wurin. A hankali sai a samu tarin maiƙo da ɓawo a kansa. Kumburi shi ke cin ɓawon nan har ya yi siriri. Ranar da ya tsage, jini ya daskare a kai, jijiya ta toshe cikin mintuna. Shi ya sa sau da yawa tarin da ke jawo bugun zuciya ba wanda ya matse hanya sosai ba ne, mai raunin ɓawo ne. Sitent kuwa wuri ɗaya ya buɗe, sauran jijiyoyin suna nan da nasu tarin.

CRP shi kansa hayaƙi ne. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna waɗanda aka haifa da CRP mai ɗan yawa ba su fi kowa ciwon zuciya saboda hakan ba. Amma wutar da ke ƙasa, wato kumburin, gaskiya ce. A binciken CANTOS na 2017, an ɗauki mutum sama da 10,000 da suka taɓa bugun zuciya kuma hs-CRP ɗinsu 2 ko fiye, aka ba wasu allurar rage kumburi mai suna canakinumab. LDL bai motsa ba, amma haɗarin sake bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa ta dalilin ciwon zuciya da jijiyoyin jini ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100. Sai dai an samu ƙarin mace-mace ta hanyar kamuwa da ƙwayoyin cuta. Da aka gwada wani maganin kumburin kuma, methotrexate, a binciken CIRT, bai rage komai ba. To ka ga ba kowane maganin kumburi ne ke kare zuciya ba.

Ga wanda ya riga ya samu bugun zuciya, ƙa'idar likitocin Turai ta 2019 tana son LDL ƙasa da 55 mg/dL, wato 1.4 mmol/L. Ko a ma'auni mai sassauci na 70, na Baba bai sauko can ba. Abin da likitansa zai fi dubawa shi ne ƙara atorvastatin zuwa 80, ko canza zuwa rosuvastatin 20 ko 40, ko haɗa masa ezetimibe 10. Ninka atorvastatin kusan kashi 6 cikin 100 kawai yake ƙara ragewa, ezetimibe kuwa yakan kai kusan kashi 20, don haka daga 82 ɗin nan da wuya a sauko ƙasa da 55 ba tare da shi ba. Su magungunan statin ɗin ma, wato irin atorvastatin da rosuvastatin, suna sauke CRP da kansu: a binciken JUPITER na 2008, rosuvastatin 20 ya rage LDL da rabi, CRP da kashi 37. Bayan canjin magani, a sake gwajin kitse cikin sati shida zuwa takwas.

Game da ko jijiyar na sake toshewa, CRP ba zai ba ka amsa ba. Alamomi ne ke faɗa: nauyi ko matsi a ƙirji idan ya yi tafiya, haki, zafi mai tafiya kafaɗa, hannun hagu ko muƙamuƙi, gumi mai sanyi. Idan ciwon ƙirji ya zo yana zaune ko ya wuce minti goma, asibiti kai tsaye, a yi ECG (gwajin yadda zuciya ke bugawa) da gwajin troponin (mai nuna rauni a tsokar zuciya). Wannan ba ya jiran ranar ganin likita.

Mai harhaɗa magunguna:
Ɗan'uwa, don Allah diclofenac ɗin nan kada ya shiga bakin Baba. Da shi da ibuprofen da piroxicam suna ƙara haɗarin bugun zuciya, suna ɗaga hawan jini, suna wahalar da ƙoda. Ga mai shan aspirin da clopidogrel kuma, haɗa su hanya ce ta zubar jini a ciki, sai ka ga baƙin kashi kamar kwalta. Ibuprofen ma yakan tare wa aspirin wurin aikinsa. Ku kula da ƙullin "maganin gajiya" da ake sayarwa a kemis da tasha, don irin waɗannan ƙwayoyin ake yawan zubawa, wani lokaci har da dexamethasone. Idan jikinsa na ciwo, paracetamol ya wadatar.

Colchicine zancensa daban ne. Ƙaramin awo, 0.5 mg sau ɗaya a rana, ya rage haɗari da kashi 23 a binciken COLCOT na 2019, da kashi 31 a LoDoCo2 na 2020, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don ciwon zuciya a 2023. Amma wani babban bincike na 2024, CLEAR SYNERGY, mai mutum kusan 7,000 bayan bugun zuciya, bai ga amfani ba. Saboda haka har likitoci ba su gama haɗa baki a kai ba, balle maƙwabci. Tazarar da ke tsakanin awon magani da awon guba a colchicine ƙanƙanuwa ce. Sai an duba ƙoda da hanta kafin a fara. Gudawa ce matsalar da aka fi gani. Babban haɗarin kuwa shi ne haɗa shi da clarithromycin, wanda ake bayarwa cikin maganin olsa, ko ketoconazole, ko ritonavir: sukan hana jiki fitar da shi har ya taru ya zama guba. Clarithromycin ɗin ma ba ya jituwa da atorvastatin, yakan jawo ciwon tsoka.

Likitan haƙori:
Idan an sake gwajin ya tsaya a 3 ko 4, a leƙa bakinsa. Dasashi mai jini da ruɓaɓɓen haƙori sukan riƙe CRP a sama wata da watanni. Taba, tumbi da sugan da bai daidaita ba su ma haka. Idan za a cire haƙori, kada a dakatar da aspirin ko clopidogrel sai da izinin likitan zuciyarsa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, ko mu kai shi hoton CT mai auna kalsiyam a jijiya don mu ga ko tarin ya ragu?

Likitan zuciya:
A'a, ku adana kuɗinku. Wannan hoton na wanda ba a san yana da ciwon ba ne, kuma statin yakan ɗaga lambar kalsiyam yayin da tarin ke taurarewa, sai ku tsorata a banza. Ku nemi a matso da ranar ganin likita, ku tafi da takardar nan, da sabon hs-CRP, da gwajin ƙoda, da HbA1c (gwajin suga na tsawon watanni), da dukkan kwalayen maganin da yake sha, har da na gargajiya.