Ya ake jure rashin mahaifiya?

Salam 'yan uwa, yau kwana 40 da rasuwar mama, an yi sadakar arba'in kowa ya watse, gidan ya yi min faɗi, har yanzu da asuba sai in ɗauki waya zan kira ta in gaishe ta. Ya kuka yi ne?

Allah ya jiƙan ta 'yar uwa, ki yi kukanki ba laifi, Manzon Allah (SAW) ma ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Wallahi ni shekara 3 kenan da rashin baba kuma ban goge lambarsa ba. Abin da ya taimake ni ziyartar aminansa, su ba ni labarinsa, in dawo da sauƙi a zuciya.

Kar ki dinga zama ke kaɗai a ɗaki dai, koma wajen innarki ko na sati biyu ne.