Neman shawara: in sayi tsohuwar PDP-8/E ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamin kwamfuta ne, kuma na daɗe ina son ɗalibaina su ga yadda na'ura ke bin umarni da idonsu, ba a zanen allo kaɗai ba. Na ci karo da wata tsohuwar kwamfuta, PDP-8/E, da aka sa a kasuwa a Amurka, sai dai mai ita ya ce ya fi shekara 20 bai kunna ta ba. Ko ta cancanci kuɗin saye da na dako?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Idan don koyarwa ne, ba ka yi zaɓen tumun dare ba. Kamfanin DEC na Amurka ne ya fito da PDP-8 ta farko a 1965 a kan ƙasa da dala 20,000, a zamanin da sai manyan hukumomi ke iya mallakar kwamfuta, ita kuwa samfurin 8/E ta biyo baya a 1970. Kalmarta, wato guntun bayanin da take sarrafawa a lokaci guda, bit 12 ce (kowane bit 0 ne ko 1), ma'ajiyarta kalma 4,096, ana iya faɗaɗa ta zuwa 32,768. Abin da zai fi yi maka amfani shi ne, manyan umarninta takwas ne kacal, har ma babu na debewa a cikinsu: sai ɗalibi ya juya lamba ta koma kishiyarta, sannan ya tara ta da umarnin TAD. Wanda ya yi wannan sau ɗaya da hannunsa ba zai ƙara mantawa ba.

Amsa ta biyu:
Malam, ni kam ina ba ka shawarar ka dakata. Na'urar da ta yi shekara 20 a ajiye ba a jona ta da wuta kai tsaye, domin kafasitocin sashen wutarta, wato sassan da ke riƙe caji, kan lalace, kuma suna iya jawo wa sauran allunan lantarkin cikinta ɓarna. Ga shi lantarkin Amurka bolt 120 ne, namu kuwa 230, don haka sai da taransifoma. Idan ma'ajiyar ta samu matsala, wato ƙananan zobban maganaɗisun nan da aka saƙa a siraran wayoyi, samun mai gyara a kusa zai yi wuya ƙwarai. Manhajar SIMH kyauta ce, kuma tana kwaikwayon PDP-8 har ta ɗauki OS/8, babbar manhajar da ke tafiyar da PDP-8.

Amsa ta uku:
Gaskiya ne, amma SIMH ba ta da makunnai da fitilun gaba, alhali su ne Malam yake so yara su taɓa. Akwai PiDP-8/I, na'urar kwaikwayo da aka yi wa fuska irin ta samfurin 8/I na 1968, da 'yar ƙaramar kwamfutar zamani, Raspberry Pi, a cikinta. Ɗalibi zai shigar da umarni ta makunni ɗaya bayan ɗaya, yana kallon fitilu suna sauyawa. Idan kuma har yanzu ranka na kan ta asalin, ka nemi mai ita ya turo hoton kowane allo da ke cikinta kafin a yi maganar kuɗi.