Rahoton hafsoshi shida bai iso ba, wa'adi ya matso: in tura ko in jira?

Akawun Bataliya: Assalamu alaikum manya. An ɗora min haɗa bayanan hafsoshi 23 da za a duba domin ƙarin girma: rahoton shekara, wato PER, sakamakon jarabawa, kwasa-kwasai da takardar likita. Mutum 6 rahotonsu na bara babu, wanda zai sa hannu yana filin daga a Borno. Wa'adi Juma'a. In tura 17 da suka cika, in tura duka da giɓinsu, ko in roƙi ƙarin lokaci?

Ɗan Kwamfuta: Wa alaikumus salam. Ka zuba komai a Excel, layi ɗaya mutum ɗaya, lambar aiki ce mabuɗi, kada ka dogara da suna. Muhammad, Mohammed da Muhammed kwamfuta mutum uku take ganinsu. Ka kuma duba tsarin kwanan wata: in na'urar tana kan tsarin Amurka, 03/04/2019 za ta ɗauke shi 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu, ka ga ranar da aka ba mutum muƙami ta gusa da wata guda ba wanda ya sani.

Akawun Bataliya: Na gode malam, jadawalin yana nan tuni. Rahoton ne babu.

Samanja Mai Ritaya: Yaro, kada ka cire kowa. Wanda aka bari a baya kwamitin ƙarin girma bai ma san da shi ba. Tura 23 ɗin, da wasiƙa a sama mai sa hannun kwamandanka, ta lissafa lambar kowane cikin shidan, shekarar da ta ɓace, da dalili. Ka aika sigina, wato saƙon soja na hukuma, zuwa rundunar da mai sa hannun yake, ka liƙa kwafinta. Kuma kada wani ya matsa maka a cike sabon rahoto a mayar da kwanan wata baya. Ranar da abin ya fashe, akawu ake fara kamawa.

Baban Khalifa: Wasiƙa? Akwai wani kyaftin da ya ci jarabawar zama manjo, ta rubutu da ta fili, aka shigar da makinsa a layin wani mai suna irin nasa. 'Yan kwas ɗinsa suka ɗaura manjo, shi yana nan. Ya rubuta koke ta hannun kwamanda, takardar ta kwanta a tire, kwamandan aka canza masa wurin aiki, sabon ya ce bai san zancen ba. Kafin a gyara zaman kwamitin ya wuce, ya dawo yana sara wa waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya a NDA, makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna. Kuma jinkirin bin mutum yake: zuwa kwas a kwalejin hafsoshi ta Jaji ya ja baya, shekaru suna tafiya, ga iyakar shekarun kowane muƙami tana jira. Wanda ya yi kuskuren ko tambayarsa ba a yi ba.

Ɗan Kwamfuta: Abin da na ce ke nan, lambar aiki. Ku sayi sikana mai jan takarda da kanta, dubu 180 za ta yi, a ajiye kwafin kowane shafi.

Hajiyar Mami: Dubu 180 a wace kasuwa? Mai jan takarda ta haura dubu 300. A shago shafi naira 100 ne.

Kofur Bala'i: Hajiya an cuce ki, 50 ne a bakin geti.

Samanja Mai Ritaya: Ko kyauta ne. Rahoton sirri a shagon hoto? Akwai dokar sirrin gwamnati tun 1962. Haka WhatsApp, kada a ce a ɗauko hotonsa daga Borno.

Baban Khalifa: Baba Samanja, ranka ya daɗe, da girmanka, amma fayil ɗin ƙananan sojoji ka sani, masu zuwa ofishin ajiye bayanan sojoji a Lakwaja. Na hafsoshi ofishin Sakataren Soja ne a Abuja, hanya daban.

Samanja Mai Ritaya: Kai wace runduna ka yi? Ko can ko nan, giɓin da aka yi wa bayani ya fi wanda aka ɓoye. Shi kuma ɗan kwamfuta bai taɓa sa kaki ba yana koya mana fayil.

Kofur Bala'i: A ƙara layin tumbi a jadawalin. Wasu ogogin takarda ta ce sun ci gudun gwaji, bel ya ce ƙarya ne.

Hajiyar Mami: Ku bar ƙarin girma, ku zo kan fansho. Ranar haihuwa a fayil daban, a NIN daban, a BVN daban. Mai ritaya ya je tantancewa a ce ya koma ya gyara, kowane ofishi ya ce ɗayan ne zai fara. Matan mamata sun fi shan wuya, musamman in sunan magajin da ke fayil tun na lokacin ɗaukar aiki ne, mutum ya yi aure bai canza ba.

Baban Khalifa: Wannan ma akawu ne sila. Aure, haihuwa, canjin magaji, in ba a buga su a odar bataliya kashi na biyu ba, a hukumance ba su faru ba.

Akawun Bataliya: Manya, sigina ta tafi tun safe. Wasiƙar fa, kwamanda ne lallai ko mataimakinsa zai iya sa hannu? Oga ya yi tafiya.

Hajiyar Mami: Wa ya san nawa ake biya yanzu a gyara ranar haihuwa a NIN?