Sassaucin da aka yi wa sojojin Amurka a dokar kare namun daji: me kuka gani da idonku?

Ɗalibar nazarin muhalli: Assalamu alaikum. A 2003 Majalisar Dokokin Amurka ta yi gyara a dokar 1973 mai kare halittun da ke gab da ƙarewa, ta yadda ba za a keɓe filin soja a matsayin mazaunin wata dabba ba muddin rundunar tana da nata tsarin kula da filin wanda hukuma ta amince da shi. Ina roƙon waɗanda suka yi aiki a irin waɗannan wurare su faɗa mana yadda abin yake a ƙasa.

Tsohon soja, Karolina ta Arewa: Wa alaikumus salam, Malama. Na yi zama a barikin Fort Bragg, inda akwai wani ƙaramin tsuntsu da ke fafe ramin sheƙarsa a jikin ɗanyen itacen fayin, aikin da kan ɗauke shi shekaru. Kowane itace mai sheƙa an zagaye shi da farin fenti layi biyu, kuma tun ranar farko aka ja mana kunne cewa ba a haƙa rami ko kafa tanti kusa da shi. Na tuna wani dare da muka iso a gajiye, saje ya haska tocila ya ga fentin, ya sa muka sake ɗaukar kaya muka matsa gaba. Mun yi gunaguni, amma daga baya na fahimci cewa dajin nan ya tsira ne saboda babu mai gina gidaje a filin harbi, kuma wutar da ake sa masa lokaci-lokaci ita ce ke share ƙasan itatuwan yadda tsuntsun yake so. A 2024 an sauke shi daga jerin mafiya shiga haɗari.

Ma'aikaciyar ƙidayar kunkuru, hamadar Mojabe: Yallaɓai, ban musa maka ba, sai dai tsuntsunka ba a tashe shi daga gidansa ba. A 2008, da aka faɗaɗa barikin Fort Irwin da ke hamadar nan, an kwashe ɗaruruwan kunkuru zuwa wani fili, dilolin hamada suka kashe da dama, har aka dakatar da aikin. Ni a wani wurin na yi aiki, kuma na taɓa bin sawun wata kunkuruwa mai na'ura a bayanta kwana da kwanaki, kullum tana nufar inda aka ɗauko ta, har na tarar da ƙoƙon bayanta babu komai a ciki.

Mai sa ido a jirgin bincike, Kalifoniya: Abin da ya fi damuna shi ne teku, domin can babu itacen da za a shafa wa fenti. Wani gyaran da aka yi a 2003 ɗin ya ba Sakataren Tsaro ikon cire atisaye daga dokar kare dabbobin teku masu shayarwa har tsawon shekara biyu, kuma a 2008 Kotun Ƙoli ta goyi bayan sojojin ruwa kan na'urar sona mai lalubo jiragen ƙarƙashin ruwa da ƙara. Wannan ya zo ne bayan rundunar da kanta ta yarda cewa na'urar tana da hannu a mutuwar dabbobin wel, wato manyan dabbobin teku masu shayarwa, a gaɓar tsibiran Bahamas a watan Maris na 2000. Ana cewa masu gadi za su duba ruwan kafin a kunna ta, amma ni da na wuni da madubin hangen nesa na san cewa wasu daga cikin dabbobin wel kan nutse fiye da awa guda, su leƙo na ƴan mintuna, su koma.

Ɗalibar nazarin muhalli: Na gode muku. Malam, a jirginku mutum nawa ne ke tsayawa gadi a lokaci ɗaya, kuma yaya kuke yi idan dare ya yi?