Wa ya taɓa kallon Namus, tsohon fim ɗin Armeniya?

Ɗan Zangon Damagaram:
Salamu alaikum jama'a. Na kalli wani fim na Armeniya, Namus, na 1926, baƙi da fari ne kuma babu murya sai rubutu. Seyran ɗan magini tukwane da Susan ɗiyar tela, iyaye sun yi musu alkawari tun suna yara, don kawai ya je ganinta a ɓoye kafin biki sai ubanta ya ce an zubar mishi da mutunci, ya ɗauke ta ya ba wani ɗan kasuwa Rustam. Yaron haushi ya sa ya yi mata ƙazafi, mijin ya kashe ta, Seyran ɗin ma ya kashe kanshi. Wlh abin ya tsaya min a rai. Shin haka al'adarsu take ko gwamnati ce ta sa a ɓata ta?

Malamin Lakwal:
Wa alaikumus salam ƙanena. Gwamnati na da hannu, lokacin Armeniya na ƙarƙashin Sobiyet kuma kamfanin fim ɗin na hukuma ne, a 1923 aka kafa shi, su kuwa 'yan kwaminis burinsu a nuna tsohuwar al'ada da masu kuɗi ne ke danne talaka. Amma labarin ba su suka ƙirƙiro ba, wani marubucinsu Shirvanzade ne ya rubuta littafin tun 1885, a garinsu Shamakhi, da ke Azarbaijan ta yanzu, ya ɗora shi.

Hajiya ta Birni:
Malam ni dai yarinyar ce ta ba ni tausayi. Uba na kare sunanshi, miji na kare nashi, saurayi na huce haushi, ita ba wanda ya tambaye ta ko kalma ɗaya, kuma kowa a cikinsu tsoron bakin unguwa yake ba tsoron Allah ba. Ko a nan ai mun sha gani an fasa aure ana saura kwana kaɗan saboda ance-ance.

Malamin Lakwal:
Gaskiya ne Hajiya. Ɗan Zango ka nemi Pepo na 1935, Beknazarian ɗin da ya yi Namus shi ya yi shi, shi ne fim ɗinsu na farko mai murya. Pepo ɗin masunci ne a Tifilis, wato Tbilisi babban birnin Jojiya na yanzu, attajiri ya danne kuɗin auren ƙanwarshi don takardar shaida ta ɓata, har aka fasa auren.

Ɗan Zangon Damagaram:
Na gode Malam, zan neme shi in réseau ya yarda. In akwai mai shi a waya don Allah ya turo min.